Igiyar Awon Arzika

Takarda ta fito daga hannun Babban Likitan Jihar Arewa, mai yanka da ɗinki, wanda ya sauka Birnin Kebbi, zuwa ga Arzika ɗan Tamba, masunci, a Argungu.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da tukunyar gidanka, wadda munka ji ba ta hutawa. Mu nan lafiya lau, sai aiki.

Bayan haka, ka sani mulkin kai ya matso, saura wata uku Turawa su miƙa ƙasa. Kafin su miƙa, gwamnati ta ce a auna duk wani abu mai nauyi da ke cikinta, don a san abin da anka karɓa. An auna gyaɗa, an auna auduga, an auna shanu. Da anka zo kan mutane, sunanka ya fara fitowa.

Labari ya iske mu cewa bara waccan ka hau gora za ka shiga su, kamun kifin gulbi, goran ya ce ba da shi ba, ya fashe. An ce kuma ran kasuwa anka ɗora ka bisa sikelin shinkafa, duwatsun awo sunka ƙare, kai ko motsi. An ce jakin da ya kai ka Gulma har yau bai koma aiki ba.

To, ga umurni. Ka samu igiyar rama ka zagaya cikinka daidai cibiya. Kada ka riƙe numfashi, mun san wagga dabara. Ka yanke ta ka aiko. Muna da wani sabon aiki da anka zo da shi daga Ingila: a tsaga cikin mutum, a kwashe kitse kamar yadda mata ka kwashe mai a ƙwaryar nono, a ɗinke, mutum shi tashi saurayi. Sai dai wuƙarmu gajera ce. In igiya ta wuce kamu uku, ba ta kaiwa. Sai ka rage da kanka, ka sauko kamu uku, sannan mu kira ka. Saboda haka daga gobe ba tuwon shinkafa malmala huɗu, ba man shanu, ba kan kifi. Kuma kada ka bari wani shi taɓa ka da magani, ko wanzami ko malamin asibiti. Kai namu ne, mun rubuta sunanka.

Amsa ka ba Hodi direba shi kai wa wani tela a kasuwar Birnin Kebbi, Sahabi sunansa, shi ka ɗinka muna riguna. Saurayi ne mai hankali, kyakkyawa, mun rasa dalilin da ya sa har yau ba a ba shi sarauta ba. An ce taubashinka ne ta wajen kakanni. In haka ne, ka yi sa'a.

An rubuta ran goma ga watan cika-ciki. Ka cika na yau da kyau, shi ne na ƙarshe. Ga hatiminmu a ƙasa.

* * *

Daga Arzika ɗan Tamba zuwa ga Babban Likita. Allah shi ja zamaninka, shi ƙara maka basira.

Gaisuwa irin ta talaka. Takardarka ta iske ni ran Alhamis, na karanta ta sau uku. Iyali lafiya. Ni dai ga ni nan.

Ranka shi daɗe, duk abin da anka faɗa maka gaskiya ne, ban da na jaki. Goran ya fashe, mutane na bakin gulbi suna kallo. Na sikeli ma an yi. Ni na yarda na hau don a yi dariya, kuma na yi tare da su. Ga igiya na aiko, da kaina na auna cikin ɗaki. Kamu uku ce da taƙi ɗaya. Ban riƙe numfashi ba, don ba ni da wanda zan riƙe.

Tunda kai likita ne, bari in faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekara biyu ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba a salla. A zaune nika yi, a bayan sahu. In anka yi sujada, ni sai in duƙar da kai in dubi cikina. Ba ni iya kwanciya, jingine da bango nika barci. Daga ƙofar gida zuwa masallaci sai na tsaya sau biyu, in yi kamar gaisawa nika yi da mutane. Ƙafafuna in na danna da yatsa, ramin ba shi cikowa sai an jima. Mutane na cewa Arzika ya ji daɗi, hutu ya kama Arzika. Wane hutu? Ubana da kakana cikin ruwa sunka tsufa. Ni in anka buga gangar su, kowa ya ruga gulbi da gora da homa, sai in zauna a zaure ina ɗinke wa wasu homarsu da ta yage.

Ban ce ba ni ci ba. Ina ci. Amma ba kamar yadda aka faɗi a kasuwa ba.

Ba ni tsoron wuƙa. Na yanka giwan ruwa da ya kai ni tsawo, na san abin da wuƙa ka yi. In akwai hanyar da zan sake sa goshina ƙasa, in sake shiga ruwa ko sau ɗaya ne, ka tsaga. Taƙin nan da ya wuce zan sauke shi da yardar Allah. Na fara tun ran Juma'a.

Roƙo ɗaya gare ni. Na liƙe takardar ga da ƙaro. Kada Sahabi tela shi ji abin da ke ciki. Ba mugu ba ne, taubashina ne, wasa ne tsakaninmu tun kakanni, amma bakinsa ba shi da linzami. Giwan ruwa shika kirana. In ya ji, har Augie sai an yi waƙa da ni.

Allah shi bar mu da kai.

* * *

Daga Babban Likita zuwa ga Malam Arzika.

Gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi, kuma damina ta zo muku da alheri. Takardarka da igiya sun iso yau kwana arba'in. Ba mu amsa ba don aiki ya yi muna yawa, kuma mun ɗauki alƙalami sau da yawa muna ajewa.

Ga abin da munka gani. Na ɗaya, an ɗage aikin yanka. Wuƙar tana Ingila wurin wasawa, ba a san ranar dawowarta ba. Saboda haka zancen kamu uku ka aje shi. Ka ci abinci. Ka ci tuwo, ka sha fura, sai dai ka rage gishiri da kanwa.

Na biyu, abin da munka ce kada wani shi taɓa ka, mun janye. Gobe-goben ga ka tafi wurin malamin asibitin Argungu. Ka nuna mishi ƙafafun, ka danna a gabansa shi gani. Ka faɗa mishi zancen barci da numfashi kamar yadda ka faɗa muna. Duk abin da ya ba ka, ka sha. In ya ce a kawo ka Birnin Kebbi, ka zo. Wanga umurni ne, ya fi na farko ƙarfi.

Zancen jaki ƙarya anka yi maka, mun bincika. Wanda ya faɗa za a hore shi.

Tela ba zai faɗa wa kowa komai ba. Mun ja mishi kunne. Kwana biyun ga ko dariya ba shi yi.

An rubuta a ƙarshen Safar.

* * *

Daga Kulsumi 'yar Tamba, yayar Arzika, zuwa ga Sahabi tela.

Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gidanku, da Inna Uwa, da fatan ciwon kunnen ya sake ta. Mu nan ruwa ya ci fadama, shinkafar Gulma rabi ta nutse, hanya ta yanke a Ambursa. Motar Hodi kwana ashirin da biyu tana can. Wagga takarda mai jirgi zan ba, tare da wata ta Arzika. Da hannuna nika rubutawa, don kada kunne na uku shi ji.

Sahabi, ƙanena shina ƙarewa. Tun watan cika-ciki bai sa tuwo a baki ba. Kunu ludayi biyu da safe, shi ke nan, sai jiƙon filasko da shika sha shina zawo. Kowace Juma'a sai shi shiga ɗaki shi zagaya cikinsa da igiya, shi yi ƙulli. Fuska ta zube, wuya ya fito, damatsa sun saki, amma ƙafafu sun zama turmi, har sun fara tsattsafo da ruwa. Shekaranjiya ya faɗi wurin alwala, maza huɗu sunka ɗaga shi. Malamin asibitin garin ga ya zo da kansa har zaure, ya ce a bari shi duba shi. Arzika ya ce a ba shi haƙuri, shi babban likita ya riga ya rubuta sunansa.

Takardar likita ta biyu ta iso jiya a jiƙe, wani mutumin Gulma ya ƙetaro da ita. Na ce alhamdu lillahi, ga shi an ce ka ci. Arzika ya ce ban gane ba. Wai manya ba su korar mutum kai tsaye, an ga igiyarsa ta yi tsawo ne anka tura shi ga ƙananan ma'aikata. Yau ko kunun bai sha ba.

Abin da ya fi ci mini rai, rabon da in gan shi da farin ciki irin na watannin ga na manta. Ya sa an kawo mishi sabon gora daga Augie, ya aje shi kusa da shimfiɗa, shina shafa shi kamar jinjiri. Har waƙar su shika yi ƙasa-ƙasa.

Yanzu saura ni da kai. Na ɗauko takardar fari na dubi hatimin da ke ƙasa. Shekara talatin ina sayar da kifi, na san kwabo in na gan shi, ko an shafa mishi tawada. Har hujin tsakiya ya fito. Ban faɗa mishi ba. Sau biyu na buɗe baki, na dubi goran nan, na rufe. Ko na faɗa ma ba zai yarda ba, cewa zai yi mace ba ta san takardar gwamnati ba.

Na san watan wasan taubasai ne ka yi naka, kuma ba a fushi da taubashi, haka munka gada. Ban yi fushi ba. Amma wanda ya hau da mutum bisa itace, shi ka sauko da shi. Yadda za ka yi, ban sani ba. In ka faɗa, ban san abin da zai rage mishi ba. In ka yi shiru, ba shi kai kaka.

An rubuta bayan Mauludi da kwana goma.

* * *

Daga Arzika zuwa ga Babban Likita.

Ranka shi daɗe, gaisuwa. Jiki da sauƙi. Ka gafarci rubutun.

Na ga takardarka. Na gane, kuma ban ga laifinka ba. Mai taƙi ɗaya a sama bai kamata shi tare wa wasu hanya ba. Amma ga sabuwar igiya, ka gwada ta da ta fari. Saura yatsa uku. Yatsa uku kaɗai, ranka shi daɗe.

Kada ka miƙa ni ga wani. Malamin nan namu mutumin kirki ne, amma ƙwaya shika bayarwa, ƙwaya ko ba ta sa goshi ƙasa. In wuƙa tana Ingila, zan jira ta. An ce ranar mulkin kai duk abin da ke hannun Turawa zai dawo hannunmu. Na ce wa Kulsumi watakila har da ita.

Ka bar sunana inda ka rubuta shi.

* * *

Zuwa ga Arzika ɗan Tamba. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yage.

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Kulsumi da iyali. Ya jiki? Na san amsar, al'ada ce ta sa na tambaya. Nan garin jiya anka yi bikin mulkin kai, ko'ina tuta da kiɗa. Ban fita ba.

Takardunku biyu sun iso ran Alhamis, kwana sha biyar a hanya, wai mai jirgin ya biya sayar da kifi. Ran Juma'a da safe na ɗauki igiyoyinka biyu na tafi asibitin garin ga. Akwai wani ma'aikaci, Malam Abdussamadu, wanda na taɓa tambaya zancen kumburin ƙafa kamar ba kowa nika nufi ba, shi ya ce a rage gishiri. Wannan karon na faɗa mishi gaskiya. Ya shigar da ni wurin likita, na gaske, mai roba rataye a wuya.

Na miƙe igiyoyin bisa tebur na auna a gabansa. Ta fari inci sittin da uku, ta biyu hamsin da bakwai. Bai yi dariya ba. Ya ce igiya ba ta gaya mishi komai, mutum shika so shi gani. Na tambaye shi aikin kwashe kitse. Ya ce ba a yinsa nan, ba a yi a Sakkwato, ba a yi a Kaduna. Ya ji an ce likitoci na gwada wani abu mai kama da shi a ƙasashe masu nisa, amma shi bai taɓa ganin wanda anka yi wa ba. Ya ce ko da ana yi, jiki irin wanda na kwatanta mishi ba shi tashi daga ƙarƙashin wuƙa.

Ya ce ƙiba daban, ruwa daban. A ganinsa zuciyarka ce ta gaji, shi ya sa ruwa ka taruwa a ƙafafu da ƙirji. Akwai allura mai janye ruwa, watakila ka samu ka kwanta ka yi barci kamar kowa. Na ce sujada fa? Ya ce ba shi alkawari. Na ce gulbi fa? Ya ci gaba da rubutu. Da na faɗi zancen kunu da filasko, ya aje alƙalami ya ce, "Wannan zai kashe shi tun ƙiba ba ta kai gare shi ba. Wa ya sa shi?"

Malam Abdussamadu ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Arzika, babu wuƙa. Ba ta Ingila, ba ta ko'ina. Babu littafin da anka rubuta sunanka.

Na ɗauka kana isa kan zancen jaki za ka gane. Na zauna ina jiran ramuwa, kamar shekarar da ka aiko mini kunkuru cikin ƙwarya rufe da faifai ka ce tsarabar amarya ce. Sai ga takarda liƙe da ƙaro. Ni na ɓalle ƙaron. Na fara karantawa a bakin keke ina dariya, har na kira maƙwabtan rumfa su zo su ji. Kafin su taso na kai wurin da ka ce goshinka bai taɓa ƙasa ba. Na naɗe, na ce musu ba komai, zancen kifi ne. Ba wanda ya ji, har yau, sai mutanen asibitin nan biyu. Wannan kaɗai nika iya rantse maka da shi.

Ranar ya kamata in tako da ƙafa in zo. Tsoro ya hana ni. Na yi kwana arba'in ina juya abin, sannan na sake ɓuya bayan likita, ina tsammanin wanda ya ce kada ka ci shi zai ce ka ci, ka ji. Kai ko ka fi ni sanin halin manya, ka karanta abin da ban rubuta ba.

Hanya ta buɗe. Wagga takarda wani mai basukur zai kawo ta yau. Hodi zai taso ran Talata, ya yarda zai bar wuri a baya a shimfiɗa maka tabarma biyu. Ina cikin motar. Malam Abdussamadu ya ce akwai gado. Zan tsaya ƙofar zaure. In duka kaka so ka yi, zan matso kusa don kada ka wahala da tashi. In ba ka son ganin fuskata, zan koma bayan mota in juya baya, Yaya Kulsumi ta rako ka. In ka ce ba ka zuwa, ba ni da yadda zan yi da kai, maza huɗu ma da ƙyar sunka ɗaga ka. Wata uku ka yi kana biyayya ga likitan da babu shi. Kwana ɗaya nika roƙo. Kafin Talata, don Allah ka sha ko fura ce, ka zubar da filaskon nan.

Na san abin da nika ƙwace maka da wagga takarda, kuma ba ni da abin da zan ba ka madadinsa. Ba ni cewa wasa ne, kada ka yi fushi. Ka yi.

Babu Babban Likita. Takarda ta fari ni na rubuta ta, ta biyu ma ni ne. Ni ne, taubashinka, Sahabi.